Matakalar da Ke Bakin Gada

Direban da ya saba bin babban titin Nnamdi Azikiwe ta Kurmin Mashi ba ya buƙatar a gaya masa ya rage gudu idan ya doshi gada ko babban kwalbati. Jikinsa ya san wurin: mota ta ɗan nutse, sannan ta yi tsalle. Mu kan ɗora laifin a kan kwalta. Ciwon kuwa yana can ƙasa.

Gada tana zaune ne a kan turakun kankare da aka kafa har ƙasa mai tauri, don haka da wuya ta motsa. Titin da ya zo ya same ta kuwa ciko ne, jar ƙasa aka jibge a kan lakar fadama. Laka jiƙaƙƙiya ce. Nauyin ciko yana matse ruwanta sannu a hankali, shekara da shekaru, tana lotsawa. Gada na nan, titi na sauka. Daga nan tayar tirela ta riƙa dukan wannan gaɓa kamar guduma, tsaga ta buɗe, ruwan Agusta ya shiga ya kwashe cikon ta ƙarƙashi. Facin kwalta da ake yi ƙarin nauyi ne kawai a kan abin da ke nutsewa.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike na 1997 ya ƙiyasta cewa kashi 25 cikin 100 na gadojin Amurka, kimanin 150,000, suna da wannan matakala.

Magani sananne ne. A gwada ƙasa tukuna. A zuba ciko shimfiɗa-shimfiɗa, kowace a daddaɓe ta da rola. A ɗora ƙarin ƙasa a bar wurin watanni ya gama zama kafin a shimfiɗa titi, a kafa magudanai da za su tsotse ruwan laka, a kwantar da faifan kankare mai rodi daga bakin gada zuwa kan ciko. Mafi wahala a cikinsu shi ne jira, domin ranar buɗe aiki ba ta jiran laka.

Abin da ya fi damuna shi ne sabon titin kankare da ake mayar da hanyar Nnamdi Azikiwe. Kwalta tana lotsawa a gani. Kankare kuwa yana iya tsayawa ƙyam alhali rami ya buɗe a ƙarƙashinsa, har ranar da tankar mai za ta taka shi ya karye, a unguwar da gidaje da shaguna suke dab da bakin titi.