Likitan Fiɗa Don Kazaure Da Kewaye

Ciwo biyu ne ba su jira a ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura: gwaiwa da raunin haɗarin mota. Manomi yakan yi shekaru da gwaiwa yana ɓoyewa saboda kunya, har ran da hanji ya maƙale, jini ya daina kai masa. In ba a yi aiki cikin 'yan awoyi ba, sai hanjin ya ruɓe. Haka kuma wanda mota ta buge a hanyar Kano zuwa Daura: in saifarsa ta fashe, jini na zuba a ciki, ba mai tsai da shi sai likitan fiɗa.

To, Kano na da nisan wajen mil 50 daga Kazaure, balle daga ƙauyukan Gwiwa. Asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala suna da gwanaye, amma gwanin da ba a isa wurinsa da rai ba, ina amfaninsa? A 2015 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ta Ingila ya ce kamata ya yi kowa ya sami aikin gaggawa cikin awa 2.

Gwanin fiɗa kuwa ba a samunsa dare ɗaya. Shekara 6 yake yi a jami'a, sa'an nan wajen 5 ko 6 yana koyon fiɗa a hannun manya. Kuma ba ya aiki shi kaɗai. Sai da mai ba da maganin barci, da jinin ƙari, da wutar lantarki.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jigawa abu biyu. Na fari, ta tabbata kullum akwai ƙwararre zaune a asibitin Kazaure da na Babura, da gida da kayan aiki da albashin da zai zaunar da shi. Na biyu, ta ɗauki nauyin 'ya'yan ƙasar su koyo, bisa sharaɗin su komo gida su yi aiki.

Ku kuma akawuna da malaman makaranta, ku ne jama'a ke jin maganarku. Ku gaya wa mai gwaiwa kada ya bari wanzami ya huda masa, ya tafi asibiti tun kumburin na komawa ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.