SHARHI: Danne-Dannen Waya Da Lokacin Ɗan Ci-Rani

Duk wanda ya zaga Agege a Ikko, ko unguwar Sabo a Badun, cikin shekarar 2024, ya ga abin mamaki. Mai shayi da maigadi da ɗan dako, kowa ya duƙufa a kan waya yana ta danna hoto ɗaya dare da rana. Wasannin Notcoin da Hamster Kombat ne, waɗanda suka shigo ta kafar Telegram da alkawarin cewa makin da aka tara zai zama kuɗi. A watan Mayu Notcoin ta biya, waɗansu suka sami rabo, labari ya game gari. Masu Hamster Kombat kuwa har suka yi iƙirarin mutum miliyan 300 sun shiga nasu. Amma da ranar rabo ta zo, 26 ga Satumba, abin da akasarin jama'a suka samu bai taka kara ya karya ba.

To, me ya sa magidanci mai hankali zai kasa ajiye irin wannan wasa? Amsa ita ce, da gangan aka gina shi domin ya kama mutum.

Da farko, ba ya bukatar ilmi ko gwaninta. Kowace dannawa tana ƙara maki nan take, rai kuwa yana son ganin sakamako da wuri, balle ga wanda ya wuni yana jiran ciniki. Na biyu, an haɗa shi da tsoron hasara. A Hamster Kombat na 2024, makin da ke taruwa bayan an rufe wasan yakan tsaya bayan awa uku, kyautar kullum kuma ta koma farko idan an tsallake kwana ɗaya. Saboda haka tilas a yi ta komawa. Na uku, ba wanda ya san nawa zai samu, ko yaushe. Tun shekarun 1950 masanin nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa tattabarar da ba ta san lokacin da tsaba za ta faɗo ba ta fi nacewa wajen saran maɓalli. Asirin caca ke nan. Daɗin daɗawa, wanda ya ɓata wata uku yana dannawa yakan ga bari a wata na huɗu tamkar zubar da guminsa ne.

Masu wasan fa ba su yi hasara ba. Sun sa jama'a kallon bidiyonsu da jawo 'yan'uwa domin ƙarin maki, wato taron mutanen shi ne hajarsu. Ɗan ci-rani kuwa shi ya biya kuɗin data da na caji, ya yi kwanan zaune, alhali iyali suna gida suna jiran aike.

Al'amarin ba na raini ba ne, gama a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtuka. Lalle ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a kurmi su riƙa faɗakar da matasansu, domin irin wannan wasa suna kawai yake sakewa. Wanda wani sabo ya zo masa, ya fara lissafa awoyin da zai ba shi, ya gwada da abin da sana'arsa ke kawowa a awoyin nan. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.