Tarihin Kohlberg Ya Wuce Matakai Shida

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin ilmin halayyar ɗan Adam ya san sunan Lawrence Kohlberg, Ba'amurken nan da ya yi nazarin yadda hankalin yaro ke girma wajen rarrabe daidai da kuskure. Amma da za a tambaye mu ko shi wane ne, da yawanmu matakai shida kurum za mu jero, kamar yadda muka haddace su daren jarrabawa. Laifin kuwa ba namu kaɗai ba ne, domin gajeren tarihinsa da muke tararwa a kundayen ilmi, watau insakulofidiya, sau da yawa bai wuce ranar haihuwa da jerin matakai da ranar mutuwa ba. A ganinmu, irin wannan tarihi yana bukatar gyara ta fuska uku.

Da farko, a nuna mana mutumin. An haife shi a jihar New York cikin 1927, ya mutu cikin 1987. Yana saurayi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi aiki a jirgin ruwa mai ɗaukar Yahudawa 'yan gudun hijira daga Turai zuwa Falasɗinu a ɓoye, alhali Ingila, mai mulkin ƙasar a lokacin, ta hana. Aka kama shi, aka tsare a tsibirin Saifurus. Ko mene ne ra'ayinmu a kan wannan aiki da abin da ya biyo baya ga Falasɗinawa, wanda ya san labarin zai gane inda babbar tambayarsa ta fito: yaushe ya halatta mutum ya karya doka?

Na biyu, a bayyana yadda ya yi binciken. Don digirinsa na dakta a Jami'ar Shikago cikin 1958, ya tattauna da yara maza 72, masu shekara 10 da 13 da 16. Yakan ba su labarin wani Heinz, wanda matarsa ke bakin mutuwa, mai magani ya sa wa maganin kuɗi dala 2,000, shi kuwa rabi kaɗai ya iya tarawa. Shin ya sata? Hujjar yaron Kohlberg yake aunawa: tsoron hukunci ne, ko neman yardar mutane, ko kiyaye doka, ko darajar rai.

Na uku, kada a ɓoye suka. Cikin 1982 abokiyar aikinsa a Harvard, Carol Gilligan, ta ce ma'aunin da aka gina kan maza zalla ya raina tausayi da kula da juna. Cikin 1985 John Snarey ya duba bincike 45 daga al'ummu 27, ya ga matakan farko suna ko'ina, amma na sama ba safai ake samunsu a ƙauyuka ba. To, dattijon ƙauye mai auna al'amari da zumunci da kunya da mutunci, shi ne ya gaza, ko kuwa ma'aunin? Kohlberg da kansa ya janye mataki na shida daga littafin ba da makinsa, don da ƙyar ya sami wanda ya kai shi.

Gobe mu ne malamai, kuma da abin da muka karanta za mu auna 'ya'yan mutane. Saboda haka muna kira ga ɗaliban ilmi da na Hausa su haɗa kai su rubuta cikakken tarihin nan da harshenmu, da yabonsa da sukarsa, kowace magana da madogararta. Allah Ya sa mu dace.