Na'urar Gano Kifi: A Fara Duba Idon Da Ke Cikin Ruwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata magana ce da ta same ni a gidan radiyonmu na karkara nan Gaya, inda ni ke gabatar da shirin masunta. Wani dattijo basarke ya zo ya iske ni da buhu a hannu, ransa ɓace, ya zazzage mani na'urar gano kifi, wadda ake kira sondeur da Faransanci. Ya ce: "Ɗana, ka faɗa ma duniya an cuce ni. Tumaki biyu na sayar na saye ta, ga shi kwana goma ko tarwaɗa ɗaya ba ta nuna mani ba." Na ce: "Baba, a yi haƙuri mu duba tukuna." Da muka je bakin gulbi sai na tarar ya manne ɓangaren da ya kamata ya shiga ruwa a cikin jirgi, bisa katako, wai don kada ruwa ya lalata shi. Na'urar lafiyarta ƙalau. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Tun da irin wannan kaya ya fara shigowa hannun masuntanmu, ra'ayina shi ne, duk wanda zai saya ya bar kallon girman allo da kyan launinsa, ya fara duba ɗan baƙin ƙullin nan mai kama da sabulu da ke ƙarshen waya. Bari mu kira shi ido. Shi ne ke aikin duka, allo labari kawai ya ke bayarwa.

Ga yadda abin ya ke. Idon na aika wani sauti da kunnen mutum ba ya ji zuwa ƙasan ruwa. Sauti a cikin ruwa na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda. In ya bugi yashi, ko kututture, ko jakar iskar da ke cikin kifi, sai ya dawo, na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka ta zana bisa allo. Abin ba sabo ba ne, tun 1948 wasu ƴan'uwa biyu masu suna Furuno suka fara sayar da irinta ga masunta a ƙasar Japan. Sai dai wannan sauti na da abokan gaba guda biyu, wato iska da katako. Katako na shanye shi, kumfa kuma na tare shi. Shi ya sa manna ido daga cikin jirgi ke yin aiki a jiragen roba na Turawa, amma a namu na katako asarar gam ce kawai.

To wane irin ido ya dace da mu? A nan sai mutum ya tambayi ruwansa. Kogin Isa, wanda ya ratsa ƙasarmu ta Nijar tsawon kilomita wajen 550, ba teku ba ne. Yashi na cike shi shekara da shekaru, kuma manya ba su manta da watan Yuni na 1985 ba, lokacin da ruwan ya tsaya cik a Yamai. Wanda ya sayi ido mai lamba 50 kHz, wanda aka ƙera don zurfin teku, ya sayi abin da ba ya buƙata. A nemi mai 200 kHz, ko mai haɗa 83 da 200. Dalili kuwa, sautin na sauka ne kamar hasken tocila, yana buɗewa sannu a hankali. Yawancin masu 200 na ganin faɗin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa ba, wato a ruwa mai mita 3, wurin da ake gani bai fi mita ɗaya ba, amma ana ganin shi tar. Mai 83 kuma na ganin faɗin da ya kai zurfin ruwan, ko da ya ke bai kai wancan fayyace abu ba. Sannan a tabbata ido da allo ƴan gida ɗaya ne, domin bakin wayar Garmin ba ya shiga Lowrance ko Humminbird. Ɗan kasuwar da ya ce maka a yanke waya a haɗa, kuɗinka kawai ya ke so.

Sai maganar ɗaurawa, inda nan ne gizo ke saƙa. Takardar da ke zuwa cikin kwali na nuna a kafa idon a bayan jirgi, amma an zana ta ne don jirgi mai faffaɗan baya. Namu dogo ne siriri, kuma kullum cikin hawa yashi ya ke. Dabarar da ta fi, wadda kowane maƙeri ko mai walda zai iya, ita ce a samu guntun bututu ko sandar ƙarfe, a ɗaura idon a ƙarshenta, a maƙale ta a gefen jirgi da noti mai kwancewa da hannu. In za a sauka gaɓa, ko an shiga kainuwa, sai a ɗage. Da dare kuma a cire a tafi da shi gida. Ba a huda jirgi ba balle ya fara yoyo.

Fuskar idon ta kalli ƙasa sak, kada ta karkace, ta kuma ɗan zarce gindin jirgi kaɗan yadda ko jirgi na tangaɗi ba za ta fito waje ba. Mai inji ya nisanta shi da farfela da aƙalla santimita 40, kuma kada ya sa shi bayan wani faci ko kan ƙusa da ke tayar da kumfa. In ka ga allo na aiki lokacin da kake tsaye, ya rikice da ka ba inji wuta, to kumfa ce, sai a sauya wuri ko a ƙara saukar da shi. Wuta kuwa batir mai volt 12 ta ke ci, a sa mata fis, a raba wayarta da wayoyin inji. Gansakuka in ta kama fuskar, tsumma da sabulu sun isa. Fetur da yashi ɓata ta su ke yi.

Akwai kuma gaskiyar da masu sayarwa ba su faɗi. Ba kowane hoton kifi bisa allo ne kifi ba, reshen itace ma haka ya ke fitowa. Tarwaɗa da kurungu da suka lafe cikin taɓo da wuya a gan su. Kuma na'urar abin da ke ƙarƙashinka ta ke nunawa, ba ta hango maka dutse ko dorina a gabanka. Babban amfaninta a kogi irin namu shi ne sanin zurfi, da inda yashi ya koma bana, da inda kututture ke yage taru. Wannan kaɗai na iya tsare ma mutum kuɗin mai da na kayan su.

Wasu dattawa sun ce mani ba su ga amfanin abin ba, tun da kakanninsu da gora suke auna ruwa, kuma sun san gurbi-gurbi da sunansa. Ban musa masu ba. Wanda bai san ruwa ba, allo ba zai maida shi basarke ba. Amma akwai tsoron da ya fi wannan, kuma ina tare da su a kansa. A watannin Mayu da Yuni, lokacin da ruwa ya ja baya, gurabe masu zurfi su ne mafakar giwan ruwa da yauni da ragon ruwa, wato iyayen da za su zuba ƙwai in ruwa ya dawo. Da can kifi na ganinka mai jar koma, yanzu mai komar ne ke ganin kifi. In kowane yaro mai batir ya gano waɗannan gurabe ya zuba masu taru mai ƙananan idanu, bana za a ci riba, baɗi kuma na'urar za ta nuna mana ruwa fanko, tun da ba ta haifar kifi.

Saboda haka ina kira ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta da ma'aikatan gandun daji, su zauna tun abin bai yaɗu ba, su keɓe guraben da ba a taɓawa da rani, ko da na'ura ko babu. Ƙungiyoyi kuma su sayi guda ɗaya a gwada ta a bainar jama'a, a koya ma matasa biyu ko uku ɗaurawa, maimakon kowa ya sayar da bisashensa bisa jita-jita. Masu sayarwa su ma su yarda a gwada kaya cikin ruwa kafin a biya.

Shi dai dattijon nan, maƙeri ya yi masa sanda, mun ɗaura idon a gefen jirgi, kuma zurfin da allo ya fara nunawa ya yi daidai da abin da gorarsa ta saba faɗa masa. Ya yi dariya ya ce ashe yarinyar ba ta ƙarya. Allah ya ba masunta sa'a, ya kuma bar mana kifi a gulbi. Sai wani jiƙon.