Injin da ya kawo jirgi Kano a 1925 da darasin da ya bar wa Ƙofar Ruwa

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sojan saman Ingila uku samfurin DH.9A suka sauka a filin dawakai da ke wajen ganuwa. Arthur Coningham ne ya jagorance su daga Helwan ta ƙasar Masar, suka bi ta Sudan da Chadi. Ana yawan ba da wannan labari, amma ba kasafai ake maganar injin da ya ɗauko su ba.

Sunansa Liberty, ƙirar Amurka. Injiniyoyi biyu, Jesse Vincent da Elbert Hall, suka zana shi cikin 'yan kwanaki a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Silinda 12 gare shi, shida-shida a jere biyu, ruwa ke sanyaya shi, ƙarfinsa kuma ya kai na doki 400. Kamfanonin mota irin su Ford da Packard da Lincoln ne suka ƙera shi, fiye da guda 20,000.

Abin da ya kamata Kano ta lura da shi shi ne ma'auni. An tsara injin ne yadda kayan da wannan kamfani ya yi za su shiga na wancan. Kowace silinda zaman kanta take, idan ta lalace a kwance ta a ɗaura wata. Injin da zai ratsa sahara, nesa da babban gareji, irin wannan tsari yake bukata.

Kano ba ta rasa hannu ba. Duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ya ga kanikawa da masu walda suna tayar da injin da aka fitar da rai da shi. Sai dai yawancin aikin da ido da kintace ake yin sa, shi ya sa abin da wannan maƙeri ya yi ba ya hawa na maƙwabcinsa, kuma sana'ar ta kasa wuce gyara.

Muna kira ga gwamnatin jiha ta ware ɗaki a Gidan Makama domin wannan tarihi, a ajiye injin fistin da aka tsaga biyu yara su ga cikinsa. Kwalejojin fasaha kuma su buɗe ajin yamma ga yaran kanikawa, a koya musu karanta zane da awo. Kuɗin da hakan zai ci bai kai na taron biki guda ba.