Wasa ɗaya, amma kowace ƙasa da nata

Mu masoya Goku mun san wasan Dragon Ball Z: Budokai Tenkaichi 2 na injin Wii. Daɗinsa shi ne ba danna maɓalli kawai ake yi ba. In za ka yi Kamehameha, sai ka ja hannayenka baya da rimot, ka turo su gaba kamar yadda Goku yake yi a katun. Har gumi muke yi.

Amma akwai abin da yake ba mu haushi. Wasan ya fita a Amurka a ƙarshen 2006, a Japan da Turai kuma a 2007. A Japan ma sunansa daban ne, Sparking! NEO. Na Japan da na Turai an ƙara musu mayaƙa, irin su Piccolo Daimao da Appule, waɗanda babu su a na Amurka. Kiɗan katun na ainihi kuwa, wanda Shunsuke Kikuchi ya tsara, 'yan Japan kaɗai aka ba. Ke nan ɗan Amurka ya biya kuɗinsa cif, bai samu ko ɗaya ba.

Mafi muni, Wii yana da kulle. Faifan wani yanki ba ya tashi a injin wani yankin. Mu kuwa kayan gwanjo ne suke iso mana, inji daga can, faifai daga can. A hutun da ya wuce mu huɗu muka haɗa kuɗin tararmu na makonni muka sayi faifan. Muka kai gida, ya ƙi tashi. Ashe na Amurka ne, injinmu kuma na Turai. Mai shago ya ce kayan da aka saya ba ya dawowa.

Yayan ɗayanmu ya ce dalilin shi ne kamfanonin da suke sayarwa daban ne, Atari ne ya sayar a Amurka, kuma kiɗa yana da masu shi. Mun ji. To amma laifin me yaron da ya hana cikinsa ƙosai ya yi? Kuma da kullen dole ne, da Nintendo bai cire shi ba a Switch da ya fito a 2017.

'Yan uwa ɗalibai, kafin ku miƙa kuɗi ku duba kwalin. Na Turai an rubuta PAL a jikinsa. Namu faifan yana nan a jaka, in akwai mai injin Amurka ya neme mu a JS 2.