Raddi ga masu cewa gwajin Lenski bai nuna komai ba

Wani ɗan'uwa malamin kimiyya a nan Gaya ya ɗauko hujjar Michael Behe ta littafinsa na 2019, yana cewa gwajin Richard Lenski bai nuna bakteriya na samun sabuwar baiwa ba. Malam, ga amsa daki-daki.

A gwajin, tun 24 ga Fabrairu 1988 ake kiwon bakteriyar E. coli a kwalabe 12 a Amurka. Kullum a ɗebi kashi ɗaya cikin ɗari a zuba a sabon abinci, bayan kowace zuriya 500 kuma a daskarar da samfuri a adana.

Na farko, ka ce asara kawai bakteriyar suka yi. Haƙiƙa sun yar da wasu ƙwayoyin gado da ba sa buƙata. Amma wajen zuriya ta 31,500 bakteriyar kwalba guda ta fara cin sinadarin sitiret alhali akwai iskar oksijin, abin da E. coli ba ta yi, har da rashin yinsa ake tantance ta a ɗakin gwaji.

Na biyu, ka ce ƙwayar gadon citT, wadda ke ba da damar cin sitiret, da ma tana nan. Tana nan, amma a kulle muddin akwai iska. Binciken 2012 ya nuna ta kwafu, kwafin ya faɗa ƙarƙashin makunnin da ke aiki cikin iska. Wannan haɗi kakanninta ba su da shi.

Na uku, ka ce dace ne kawai. Wani mai bincike, Zachary Blount, ya narkar da tsofaffin samfura ya sake gwajin. Baiwar ba ta sake ɓullowa ba sai daga na zuriya 20,000 zuwa sama. Ashe akwai canje-canje da suka riga suka yi shimfiɗa a ɓoye, kamar harsashin gini da ƙasa ta rufe.

Na huɗu, ka ce har gobe bakteriya ce. Babu wanda ya musa. Tambayar ita ce ko sifa mai sarƙaƙiya na ginuwa mataki-mataki, kuma ta ginu.

Malam, abin ya shafe mu. Haka ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta tara canje-canje har maganin kulorokin ya daina cin ta. Yau tsakanin Gaya, Malanbil da Kamba, mai talla na ɓare kafso biyu daga faranti ya miƙa wa mara lafiya, ya sha ya bari. Ƙwayar da ta tsira ita ke hayayyafa. Ka koya wa ɗalibanka wannan, domin su ne za su gaji asibitocinmu.